Yadda Na'urar Jera Haruffa da Haske Take Aiki, Daga Madannai Zuwa Farantin Bugu

Tun daga zamanin Johannes Gutenberg, wanda ya fara buga littattafai da haruffan ƙarfe a birnin Mainz na ƙasar Jamus wajen shekarar 1450, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk harafin da mai karatu ya gani a littafi ko jarida a Turai da Amurka sai da aka fara zuba shi da dalma. Na'urar Linotype, wadda Ottmar Mergenthaler ya ƙera kuma jaridar New York Tribune ta fara aiki da ita a 1886, ta rage wahalar ƙwarai, domin tana zuba layi guda sukutum a lokaci ɗaya, amma duk da haka dole ne a narka dalmar a zafin da ya kai kimanin digiri 280 a ma'aunin Celsius, a zuba ta, a jira ta daskare. Ko da an haɗa na'urar da tef mai sarrafa ta, abin da take fitarwa bai wuce layi 10 zuwa 15 na jarida a minti ɗaya ba.

Abin da ya jawo sauyi shi ne yaɗuwar bugun ofset, wanda farantinsa ba ya bukatar harafi mai tudu, hoton shafi kawai yake bukata. Injiniyoyi biyu na birnin Lyon a Faransa, René Higonnet da Louis Moyroud, sun lura a shekarun 1940 cewa masu maɗaba'a suna zuba dalma, su buga kwafi ɗaya mai kyau, sannan su ɗauki hotonsa domin yin faranti, alhali ana iya ɗaukar hoton haruffan kai tsaye ba tare da an kunna wutar narka komai ba. Na'urarsu ta fito da suna Lumitype a Faransa, da suna Photon a Amurka, kuma a 1953 aka fitar da littafin farko da aka jera da ita, wani littafi kan ƙwari. Da tsarinta za mu bi matakan aikin, domin wanda ya fahimce ta ba zai sha wuya wajen fahimtar waɗanda suka fi ta sauri ba.

Mataki na farko: shigar da rubutu

Ma'aikaci yana zama gaban madannai masu kama da na tafireta, sai dai suna da ƙarin maɓallai na umarni, waɗanda da su yake faɗa wa na'ura salon harafin da yake so, da girmansa, da tsawon layi, da tazarar da za a bari tsakanin layi da layi. Kowane maɓalli da ya danna yana zama lamba. A na'urorin farko lambar tana shiga ma'ajin na'urar kai tsaye, amma daga baya aka fi son a huda ta a jikin tef na takarda mai layukan huji shida, irin wanda jaridu suka riga suka saba da shi. Hikimar raba madannai da na'urar ɗaukar hoto a fili take: na'urar ta fi yatsun mutum sauri nesa ba kusa ba, don haka ma'aikata da yawa za su iya huda tef a lokaci ɗaya, na'ura guda ta riƙa karɓa tana cinyewa.

Mataki na biyu: lissafin layi

Kafin a haska ko da harafi ɗaya, sai an san inda kowane harafi na layin zai zauna. Haruffan ɗab'i ba faɗinsu ɗaya ba. M ta fi i faɗi sosai. Saboda haka aka ba kowane harafi adadin awo, kuma tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda ya samo asali daga kamfanin Monotype, yana raba faɗin da ya yi daidai da girman harafin gida 18. Mu ɗauka ana jera rubutu da harafi mai girman foyin 10 a layi mai tsawon foyin 240 (foyin shi ne ma'aunin da masu ɗab'i suke auna girman harafi da tsawon layi da shi). Layin zai ɗauki awo 432, wato 24 sau 18, tunda 10 tana shiga 240 sau 24. Na'ura tana tara awon kowane harafi da aka shigar, kuma idan jimlar haruffa da mafi ƙarancin tazarar kalmomi ta kai 411 a ƙarshen wata kalma, saura 21 ke nan. Idan akwai gurbi bakwai tsakanin kalmomin layin, sai kowane gurbi ya sami ƙarin awo uku, bakin layin na dama ya daidaita da na sauran layuka. Idan kalma ta gaba ta yi tsawon da ba za ta shiga ba, kuma barin ta zai sa gurabun su yi faɗi fiye da kima, dole a tsaga ta da karan ɗori. Da farko ma'aikaci ne yake yanke wannan hukunci, amma daga shekarun 1960 aka miƙa shi ga kwamfuta, wadda take karanta tef marar layuka ta fitar da wani sabo mai ɗauke da ƙarshen kowane layi.

Mataki na uku: kama harafi yana cikin gudu

Wannan shi ne zuciyar na'urar, kuma nan ne ya cancanci a tsaya a duba da kyau. A cikin Photon 200 akwai faifan gilashi wanda aka rufe fuskarsa da baƙin shafi, aka bar siffar haruffa kawai garau yadda haske zai ratsa, daidai da dodon hoto. An jera haruffan a zobba takwas, wani cikin wani, kowane zobe yana ɗauke da salo biyu, kowane salo yana da harafi da alama 90, jimla 1,440 a faifai guda da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Faifan yana juyawa babu tsayawa, kimanin sau takwas zuwa goma a cikin daƙiƙa.

Tambayar ita ce yadda za a ɗauki hoton harafin da ba ya tsayawa, hoton kuma ya fito tas ba tare da ya goge ba. Amsar tana cikin gajartar hasken. A bayan faifan akwai ƙwan filasha mai iskar zinon, wanda yake haskawa na 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci tafiyar da harafin ya yi ba ta kai abin da ido zai gani ba. Duk wanda ya taɓa ganin walƙiya ta haska mai gudu a daren damina, ya gan shi kamar an kafe shi a wuri ɗaya, ya san yadda abin yake.

Sauran aikin shi ne sanin lokacin da za a haska. A gefen faifan an yi ƙananan tsagogi, ɗaya ga kowane matsayin harafi, kuma akwai wata ƙaramar fitila da idon lantarki da suke kallon juna ta cikin waɗannan tsagogi. Duk tsagar da ta wuce, idon yana aika bugun lantarki ɗaya, na'ura tana ƙirgawa. Da zarar ƙirgar ta yi daidai da lambar harafin da ake nema, sai ƙwan ya haska. A ganina wannan dabara ita ce ta raba Higonnet da Moyroud da sauran masu ƙira na zamaninsu. Na'urar Fotosetter ta kamfanin Intertype, wadda ta fito kusan lokaci ɗaya, ta riƙe tsarin injin dalma ne kusan gaba ɗaya, tana tura ƙarafunan haruffa ɗaya bayan ɗaya kowanne ya tsaya gaban kyamara, don haka saurinta bai yi wa na magabatanta nisa ba. Abin da ake tsayarwa a sake tayarwa yana cin lokaci kuma yana lalacewa, shi ya sa Higonnet da Moyroud suka bar faifan yana ta juyawa suka mayar da aikin zaɓe hannun lantarki.

Mataki na huɗu: girma da mazaunin harafi

Hasken da ya ratsa harafin yana bi ta cikin ruwan tabarau, kuma Photon 200 tana da guda 12 a kan wani gammo mai juyawa, kowanne yana ba da girma dabam. Ke nan faifai ɗaya yana ba da haruffa 17,280 idan aka lissafa da girma-girma, abin da a zamanin dalma sai an cika akwatuna masu nauyin gaske kafin a same shi. Daga nan hasken yana faɗawa kan wani gilashi mai karkatar da haske wanda yake kan ƙaramin keke, shi kuma ya jefa hoton a kan takarda ko fim mai jin haske. Bayan kowane harafi keken yana matsawa gaba daidai da awon da aka lissafa a mataki na biyu. Idan layi ya ƙare, keken ya koma farko, takardar kuma ta matsa sama gwargwadon tazarar da aka umarta.

Tun da harafin haske ba shi da gangar jiki irin ta ƙarfe, ana iya matso da haruffa kusa da juna, ko a ɗora alama a kan harafi ta hanyar haskawa sau biyu a wuri ɗaya, kuma wannan ya amfani rubutun da haruffansa suke haɗewa kamar na Larabci. Amma akwai iyaka: harafin da babu shi a faifan, babu shi ke nan. Mai son buga Hausa da ƙ da ɗ da ɓ dole ya sami faifai ko fim ɗin da aka zana su a kai, in ba haka ba sai dai ya yi dabara da ɗigo ko waƙafi, ko a ƙara lanƙwasar da hannu. Akwai kuma matsalar cewa zane ɗaya ake faɗaɗawa a ƙanƙance, alhali maƙeran dalma suna yi wa kowane girma zanensa, kuma haske yakan dakushe kusurwoyin ƙananan haruffa. Adrian Frutiger, wanda ya yi aiki a kamfanin Deberny et Peignot na Paris yana shirya haruffan Lumitype, ya yi fama da irin waɗannan matsaloli, kuma a wannan zamani ne ya fitar da salon Univers a 1957.

Inda babban saurin ya fito

Faifan Photon 200 mai juyawa yana ba da harafi ɗaya a kowane zagaye, don haka saurinsa yana da rufi. Domin fasa wannan rufi, na'urar Photon Zip ta juya tsarin: haruffan suna tsaye a kan allunan gilashi marasa motsi, kowane harafi da nasa ƙwan filasha a bayansa, ruwan tabarau ne kawai yake kai da komo a faɗin shafin, kuma a kowace wucewa ana jera layi guda. Kwamfuta ce take lissafa lokacin da tabarau zai iso inda hoton wani harafi zai faɗa daidai mazauninsa, sannan ta kunna ƙwansa, ko da kuwa ba a bi jerin da ake karanta haruffan ba. Babban ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya fara aiki da irin wannan na'ura a 1964 domin buga Index Medicus, jerin maƙalolin likitanci na wata-wata, tana jera kimanin harafi 300 a daƙiƙa.

Mataki na gaba shi ne kawar da motsin gilashin ma. Rudolf Hell na birnin Kiel a Jamus ya gabatar da Digiset a tsakiyar shekarun 1960, kuma a cikinta babu hoton harafi ko ɗaya. An adana siffar kowane harafi a matsayin lambobi masu faɗin inda za a kunna haske da inda za a kashe shi, sai zaren lantarki ya zana harafin da siraran layuka masu manne da juna a fuskar kwalba irin ta tsohuwar talabijin, takardar hoto kuma ta ɗauka. Linotron 1010, wadda maɗaba'ar gwamnatin Amurka ta karɓa a 1967, ita ma da kwalba take zana haruffa, kuma tana kai harafi 1,000 a daƙiƙa. A 1976 kamfanin Monotype ya fitar da Lasercomp, wadda take share shafi da hasken leza layi bayan layi.

Mataki na biyar: wanki

Duk abin da aka haska yana nan a ɓoye, ido ba ya ganinsa. Takardar tana naɗewa cikin wani akwati da haske ba ya shiga, ma'aikaci ya yanke ta ya kai akwatin injin wanki. Ruwan farko yana mayar da gishirin azurfar da haske ya taɓa ya zama baƙi, ruwa na biyu yana narkar da wanda haske bai taɓa ba domin kada takardar ta yi duhu daga baya, sannan a ɗauraye a busar. Dole a kula da zafin ruwan da ƙarfinsa, domin ruwan da ya gaji yana fitar da haruffa masu launin toka, kuma idan aka haɗa su da na jiya a shafi ɗaya bambancin zai fito fili a bugu. Akwai wata hanyar gaggawa da ƙananan maɗaba'u suka fi amfani da ita, wadda ba a ɗauraye takardar, amma rubutunta yakan dushe bayan 'yan makonni.

Mataki na shida: gyara, liƙi da faranti

Abin da ya fito daga injin wanki doguwar takarda ce mai ginshiƙin rubutu ɗaya. Mai duba kurakurai yana karanta kwafinta, kuma a nan ne tsarin yake da rauni, domin a zamanin dalma ana cire layin da ya ɓaci a saka wani cikin sauƙi, amma a nan sai an sake jera layin, an sake wankewa, an yanko shi da reza, an liƙa shi daidai a kan na farko ba tare da ya karkace ba. Bayan gyara, mai tsara shafi yana yanka ginshiƙan, ya shafa wa bayansu narkakken kaki wanda yake ba da damar ɗagawa a sake ajiyewa, ya jera su a kan kwali mai layukan shuɗi mai haske waɗanda fim ɗin ɗab'i ba ya ɗauka. Na'urar da take jera ɗaruruwan haruffa a daƙiƙa, aikinta yakan kwana a teburin mai reza yana jiran layi.

Idan shafi ya kammala, ana ɗaukar hotonsa da babbar kyamara a sami dodonsa, a toshe ƙananan ɗigogin da ƙura ta bari da jan fenti, a ɗora shi kan farantin alminiyom mai jin haske, a haska da fitila mai ƙarfi. Wurin da haske ya taɓa yana kama tawada mai maiƙo, sauran farantin yana kama ruwa yana korar tawadar, kuma daga faranti rubutun yake hawa kan roba, daga roba ya sauka kan takarda.

Matakin reza da kaki ya ci gaba har tsakiyar shekarun 1980, duk da cewa kamfanoni irin su Compugraphic sun riga sun sa na'urorin sun yi araha har ƙananan jaridu suna saya. A 1985 aka haɗa PostScript, harshen kwamfuta mai bayyana siffar shafi na kamfanin Adobe, da manhajar tsara shafi ta PageMaker a kan kwamfutar Macintosh, na'urori irin su Linotronic 300 kuma suka fara karɓar shafi cikakke, da rubutunsa da zanensa, suna fitar da shi kai tsaye a kan fim ɗin da za a ɗora wa faranti.