Yadda ake koyon zana ƙaramin samfurin zaure da FreeCAD

Wanda ya saba ƙera ƙananan gidaje da kwali ko katako don sha'awa, kuma yake son ya koma zana su a kwamfuta, a ganina manhajar FreeCAD ce ta fi dacewa da shi a nan Damagaram. Kyauta ake sauke ta, ana iya mayar da ita Faransanci, kuma da zarar ta zauna a kwamfuta ba ta bukatar intanet, saɓanin Tinkercad, wata manhajar zane, wadda sai da intanet take aiki. Ka nemi fitowa ta 1.0, ta watan Nuwamban 2024, ko wadda ta biyo bayanta, sannan ka tanadi linzamin kwamfuta mai ƴar taya a tsakiya, domin da shi ake juya zanen.

Kada ka fara da fadar Sarki. Ka sami zaure guda a Birni, ka nemi izinin mai gida, ka auna tsawo da faɗi da tsayin bango da ƙofa, ka rubuta su da milimita. Idan ka zaɓi ma'aunin 1:50, bango mai mita 5 zai koma milimita 100.

Koyon gaske yana cikin sashen Sketcher, inda ake zana layukan farko. Bayan ka zana murabba'in ɗakin, wajibi ne ka ɗaure kowane layi, wato ka gaya wa manhajar cewa wannan a kwance yake, wancan a tsaye, kuma tsawonsa kaza ne. Sai layukan sun koma kore gaba ɗaya zanen ya ɗauru. Wanda ya yi gaggawa ya wuce nan zai ga ƙofa ta goce daga wurinta ranar da ya canja faɗin bango. Daga nan umarnin Pad zai tayar da ginin, Pocket kuma ya huda ƙofa. Bangon tubali ya fi kauri a gindi, saboda haka ka ɗan ba Pad kusurwar tsukewa, in ba haka ba zauren zai fito kamar kwalin sukari. Zanko ka bar shi sai hannu ya faɗa.

Ka riƙa danna Ctrl+S a kai a kai don ajiye aikinka, musamman da bazara, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan zanen ya kammala, sashen TechDraw zai shimfiɗa maka kowace fuska a takarda, ka buga ba tare da ragewa ko ƙarawa ba, ka liƙa a kwali, ka bi layi da reza.