Darasi na 7: Yadda Ake Zaɓen Famfon Keke na Tsaye

Duk mai keke a Gadarif, a ƙasar Sudan, ya san ƙaya, ya kuma san ƙasar nan baƙa da ke tsattsagewa da rani. Taya ba ta daɗewa da iska a irin wannan hanya, balle idan an ɗaura mata buhun dawa ko jarkokin ruwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wutar lantarki ta zama ta yau akwai gobe babu a wurare da yawa, man fetur kuma ya yi tsada. Injin iskar mai faci ba ya tashi sai da ɗayansu. Shi ya sa gidan da ke da keke yake bukatar famfonsa na kansa.

Famfon da muke magana a kai shi ne na tsaye, wanda ake dasawa a ƙasa a taka gindinsa da ƙafa, a danna mariƙinsa da hannu biyu. Ƙaramin na hannu yana da amfani a hanya, amma yana gajiyar da mutum kafin taya ta cika.

Fara da bawul

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, tsuguna ka dubi bawul ɗin kekenka, wato ɗan ƙarfen da iska ke shiga ta cikinsa. Iri uku ne.

Akwai mai kauri irin na mota da babur, ana kiransa Schrader. Kaurinsa kamar milimita 8 ne, kuma yana da ɗan tsinke a tsakiya. Idan ka danna tsinken da farce, iska za ta fito. Akwai siriri mai suna Presta, kamar milimita 6, wanda ke da ɗan noti a kansa da sai an sassauta shi kafin iska ta shiga. Shi aka fi gani a kekunan tsere.

Na uku shi ne Dunlop, kuma shi ya fi shafarmu, don shi ne a jikin yawancin manyan kekunan ɗaukar kaya irin su Phoenix. Idan ka kwance zoben da ke kansa ka zaro cikin, za ka ga ɗan ƙarfe sanye da 'yar siririyar roba. Wannan 'yar robar ita ke tsare iska. Zafi yana busar da ita har ta tsage, sai taya ta riƙa sacewa cikin dare. Mutane da yawa sun zargi famfo, wasu ma sun sayi sabon tiyub, alhali 'yar roba ce kawai ta mutu. Tofa ɗan yawu a bakin bawul. In ka ga kumfa tana tashi, matsalar a nan take.

Famfo mai baki biyu, babba da ƙarami, ya fi amfani a gida mai keke fiye da ɗaya. Babban bakin na bawul ɗin mota ne. Ƙaramin na Presta ne, kuma galibi yana kama Dunlop. In da hali ka je kasuwa da keken, ko ka tafi da tsohon tiyub a aljihu.

Karanta jikin tayarka

Goge gefen taya da jiƙaƙƙen tsumma. Za ka ga lambobi, kusa da su kuma haruffa uku: PSI. Wani lokaci za ka ga BAR. Duk ma'aunin ƙarfin iska ne, kuma BAR 1 daidai yake da PSI 14 da rabi. In ka ga MAX, to lambar da ke biye da shi ita ce iyaka, kada a wuce ta.

A nan sai a yi hattara sosai, don mun saba da lambobin Larabci a allon shaguna. Sifilin boko, 0, ya yi kama da biyar ta Larabci. Bakwai ta boko, 7, ta yi kama da shida ta Larabci. Saboda haka wanda ya ga 70 zai iya karanta ta sittin da biyar, wanda ya ga 40 kuma ya ɗauka arba'in da biyar ce. Lambobin jikin taya da na gejin famfo, wato ɗan agogon da ke nuna ƙarfin iska, duk na boko ne.

Tayar babban keke galibi tana son iska tsakanin PSI 40 da 60. Siririyar tayar tsere tana kaiwa 80 zuwa 120. Wannan ne zai gaya maka irin famfon da za ka saya. Mai faɗin bututu, wato jikin famfon da sandar ke shiga, yana tura iska da yawa a dannawa ɗaya, yana cika babbar taya da sauri, amma yana yin tauri idan lamba ta hau. Mai siririn bututu yana kai lamba sama ba wahala, sai dai yana ɗaukar lokaci. Mai ɗaukar kaya ba ya bukatar famfon da aka rubuta wa 160, ko da mai shago ya yaba shi.

Geji abu ne mai kyau in lambobinsa manya ne, ana ganinsu daga tsaye. Sai dai a kan bawul mai 'yar roba allurar ba ta faɗin gaskiya sosai, domin robar tana tare iska, allura sai ta nuna fiye da abin da ke cikin taya. Ka haɗa da matsa tayar da babban yatsa.

A shago

Ga yadda wani dattijo ya yi da ɗan yayarsa mai sayar da kayan keke.

"Kawu, ga wannan ja mai ƙyalli, sabon shigowa ne."
"Madalla. Miƙo shi in ji nauyinsa. Gindin nan roba ne ko ƙarfe?"
"Roba ne, Kawu, amma mai ƙarfi."
"To kwance mini murfin saman in ga cikinsa."
"Ai wannan ba a kwance shi, a manne yake."
"Ajiye shi, ɗana. Ɗauko mini wancan baƙin mai noti."

Dattijon yana da gaskiya. A cikin kowane famfo akwai fata ko zoben roba a ƙarshen sandar, shi ke tura iska. Komai tsadar famfo, wata rana wannan abin zai cinye. In murfin mai noti ne ko mai murɗawa, za a buɗe a canza, har baduku yana iya yanka maka sabuwar fata. In a manne yake, ranar da ya lalace sai bola. Ni dai da famfo mai kyan gani da ba a buɗewa, gara tsohon ƙarfe da ake iya gyarawa. Haka tiyo: duba ko ana iya cire shi a sa wani, kuma ya kasance da tsawon da zai kai bawul ba tare da an ja shi ba.

Sannan ka gwada shi a gaban mai shago. Toshe bakin tiyo da yatsa ka danna mariƙin. Ya kamata ya yi tauri ya ƙi sauka. In ya zurma har ƙasa, ko ka ji iska tana huci ta wani wuri, yana yoyo. Ja mariƙin sama ka girgiza shi gefe da gefe, sandar kada ta yi lilo. Taka gindin da ƙafa biyu ka ga ko yana lanƙwasa. Daga nan ka cika tayarka da shi. Kada kunya ta hana ka, kuɗinka ne.

A gida

Rana da ƙura su ne abokan gabar famfo. Ajiye shi a ɗaki, ka rataye tiyon kada bakinsa ya kwanta cikin ƙasa. In na fata ne kuma ya fara sakin iska, ɗiga masa mai kaɗan fatar ta yi laushi. In zoben roba ne, kada fetur ko kananzir ko baƙin mai su taɓa shi, suna lalata roba.

Ka ba taya iska da safe a inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, iskar cikin taya kuma tana ƙara ƙarfi idan ta ɗau zafi. Saboda haka kada ka cika har iyaka sannan ka jingine keken a rana. Ƙarancin iska ma yana da nasa lahani. In ka fito da tiyub ka ga ramuka biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, rim ne ya matse tiyub saboda tayar ta yi laushi a ƙarƙashin kaya.

Aikin gida

1. Dubi bawul ɗin kekenka ko na maƙwabcinka. Wane iri ne cikin ukun? Zana shi a littafinka.
2. Kwafo lambar da ke kusa da PSI a jikin tayar. Rubuta ta da lambobin boko, sannan da na Larabci a ƙasanta.
3. Wanda ke da famfo a gida ya zo da shi aji mako mai zuwa, za mu kwance shi tare.