Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara riƙon kuɗi a lokacin hutu

Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, gida ya cika da yara, kowa da buƙatarsa. A makonnin nan ne iyaye da yawa ke ƙoƙarin koya wa 'ya'yansu darajar kuɗi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe.

Wanda ya fi damuna shi ne "kawo in ajiye maka". Yaro ya sha yawon barka da sallah, ya dawo ya zauna bakin tabarma yana miƙe 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗarinsa yana ƙirgawa. Uwa ta karɓa, washegari kuɗin suka shige cefane. Ranar da ya tambaya sai a ce, "To, wa ya ɗinka maka kayan sallar?" Na san halin da ake ciki, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tukunya ba ta jira. Amma abin da yaron ya ɗauka shi ne ajiya asara ce, gara ya ruga wajen mai shago tun kafin a gani. Gyaran ba shi da wuya. A rubuta adadin a littafi a gabansa. In buƙata ta taso, a ranta da saninsa: "Abba, ara mini dubu ɗaya, Juma'a zan mayar maka." Ranar Juma'ar kuma a mayar, ko bai tuna ba. In asusu za a yi masa, a tuna cewa na ƙasa ya fi dacewa da kwandala. Takardar kuɗi kan yi danshi a ciki, wani lokacin ma gara ta cinye. Gwangwani mai murfi ko ɗan akwatin katako ya fi.

Sai alkawarin da ba a cikawa. "In ka zo na ɗaya zan saya maka keke", alhali mai faɗar ya san babu kuɗin keken. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi bin Amir ta kira shi yana yaro, ta ce ya zo ta ba shi wani abu. Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A yi alkawari daidai ƙarfin aljihu, ko da ɗari biyu ce.

Wasu kuma sun wuce gona da iri, komai sai an biya. Shara, wanke-wanke da aike hakkin gida ne, ba kwadago ba. Yaron da aka saba biya a kansu, wata rana za a aike shi ya ce, "Nawa za a ba ni?" Lada ta dace da aikin da da ma sai an ɗauko wani an biya shi: wanke mota ko babur, cire ciyawar da damina ta fito da ita a tsakar gida, share garken tumaki. A yi ciniki tun kafin ya fara, a duba aikin in ya gama, a biya a ranar.

Ranar fita ce babbar jarrabawa, ga iyayen ma fiye da yaran. A ce za a je gidan zu na Audu Bako a Kano. Kuɗin mota, na shiga da abinci suna wuyan uba. Askirim, balan-balan da hawan lilo kuwa daga abin da yaro ya tara za su fito, kuma tun a gida ya san nawa ke aljihunsa. Kuskuren shi ne a riƙa zaɓa masa abin da zai saya, ko a ƙara masa da zarar sun ƙare. Yarinya ta kashe nata duka a bakin ƙofa, can ciki ta ga 'yar tsana, ido ya cika da ƙwalla: "Baba, nawa sun ƙare." Zuciya za ta karye, wallahi. Amma amsar ita ce, "Na gani, Ummi. Mu tambayi kuɗinta, in kin tara sai mu dawo." Ba faɗa, ba gori.

A kuma ba su takardar kuɗi a hannu, domin yaron da kullum yake ganin ana tura kuɗi ta waya bai san suna ƙarewa ba. Ɗan shekara biyar a ba shi na yini, ɗan shekara goma na mako.

In hutun a wajen kaka za a yi, a sanar da ita tsarin tun da wuri. Ba za ta fasa kyauta ba, bai ma kamata a hana ta ba. A dai roƙe ta: "Hajiya, duk abin da za ki ba su, ki sa musu a gwangwaninsu, su rubuta a littafi."