Yadda na gyara taliyar da ke caɓewa

Taliyar leda ce take fitowa a dunƙule, bayanta ya caɓe, cikinta kuma da sauran tauri. Zuba man gyaɗa a ruwan bai hana ba, sai ma ya sa miya ta ƙi kama ta. Sauya kamfani ma bai yi komai ba.

Ashe ruwa ne ya yi kaɗan, kuma ana zuba taliyar tun bai tafasa sosai ba. Leda ɗaya mai giram 500 tana son lita 4 zuwa 5 a babbar tukunya. Na bari ya tafasa yana ɓalɓal, na sa gishiri babban cokali 2, sannan taliya. Minti 2 na farko ban bar juyawa ba, domin a lokacin ne sitaci ke fitowa ya manne sili da sili. Wuta a sama, tukunya a buɗe, in ba haka ba kumfa ta zube.

Mu a Jos akwai ƙarin abu: muna kan tudu kimanin mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, don haka mintocin da aka rubuta a leda kan gaza da 1 ko 2. Na ciro sili ɗaya na gutsura. In da farin ɗigo a tsakiya, da saura. Yana ɓacewa na sauke.

Na ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar, na tace sauran ba tare da ɗauraya ba, na juye taliyar cikin miya mai zafi, na yayyafa ruwan kaɗan, minti 1 a wuta. Ta fito wara-wara, alhamdu lillahi.