Yadda Ake Dasa Kofin Daji a Inuwa

Psychotria nervosa, wanda mutanen Florida a Amurka ke kira kofin daji, ƙaramin itace ne ɗan asalin yankin, mai ganye mai sheƙi da jajayen 'ya'ya da tsuntsaye ke rububi.

1. Zaɓi gindin babbar bishiya ko arewacin gida. Zafin rana yana sa ganyen ya koma rawaya.
2. Haƙa rami ninki biyu na faɗin tukunyar da tsiron yake ciki, amma kada ya fi ta zurfi. Idan ƙasa ta binne wuyan tsiron, ruɓewa zai yi.
3. Idan shinge kake so, bar tazarar mita 1 zuwa 1.5.
4. Baza busasshen ganye, kauri santimita 5, kada ya taɓa karan.
5. Ba shi ruwa kullum na mako biyu, sannan sau biyu a mako har ya kama.

Jaura mai daskarewa tana ƙona shi. Kada ka yi gaggawar sassabe rassan, jira sabon toho ya nuna inda ya mutu.