Yadda za ka ɗora wasanka a Google Play

Da farko ka buɗe asusu a Google Play Console, shafin Google na masu ɗora manhajoji. Kuɗin rajista dala 25 ne, sau ɗaya tak. Ka tanadi katin banki mai biyan dala da katin shaida.

Sai ka fitar da wasan a tsarin fayil na AAB, don tun 2021 Google ya daina karɓar tsohon tsarin fayil na APK ga sababbin manhajoji.

Mataki na uku shi ne mai cin rai. In sabon asusu ne na mutum ɗaya, ba na kamfani ba, wasan ba ya fita kasuwa sai mutum 12 sun shiga gwajin wasan kwana 14 a jere. Kada ka tsaya kan 12 cif, wani zai fice bai faɗa maka ba. Ka tara fiye da haka, ko abokan karatu na Kadpoly, ko samarin majalisarku a Tudun Wada. Ni na fi son masu ƙananan Tecno da Itel, su ke tona inda wasa yake maƙalewa.

Daga nan ka amsa tambayoyin shekarun masu wasa, ka saka hotuna da bayani, ka tura a duba. In sayarwa za ka yi, ka nemi shiga tsarin da Google ke cire kashi 15 cikin 100 na cinikinka maimakon 30.