Yadda ake awon kunne a asibiti, da abin da lambobin takardar ke nufi

Nan Gusau in aka ce yaro ba ya ji sai ka ga an laɓe bayanshi an tafa ko an buga kwano, yana waiwayowa a ce ai lafiya lau, taurin kai ne. Wanga ba awo ba ne jama'a, mai kunne ɗaya ma zai waiwayo.

Ka nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na asibitin tarayya FMC Gusau, in babu na'ura kusa za su tura ka gaba, akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna. Da farko tambayoyi ne, kuma dan Allah ka faɗi gaskiya: kunnen na ruwa? an yi ƙyanda ko hangum ko sanƙarau? an sha allurai irin su jentamaisin? aikin injin niƙa kake ko kwana kake gefen janareta? Sai likita ya leƙa da ƴar fitila, wani lokacin datti ne kawai ya toshe, wani kuma dodon kunnen ne ya huje saboda sakace da tsinken ashana.

Daga nan wani ƙarfe mai baki biyu, a kaɗa shi a ɗora kan ƙashin bayan kunne sannan a kawo bakin kunne, a kuma ɗora shi tsakar goshi a ce wane gefe ka fi ji.

Babban awon shi ne na ɗakin da ba ƙara. Za a sa maka hedifon, a riƙa sako sauti kunne ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri 250 Hz har siriri 8000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ana ragewa ana ragewa har a kai mafi ƙanƙantar da kake iya ji, kai dai kana ji ka danna maɓalli ko ka ɗaga hannu. Kar ka yi canki don a ce kana ji, kanka ka cuta. A takardar jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin X na hagu.

To lambobin. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, a haɗa desibel ɗin da ka fara ji a sautin 500, 1000, 2000 da 4000 Hz a raba huɗu. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙasa da 20 lafiya lau, 20 zuwa 34 ɗan rauni ne sai cikin hayaniyar kasuwa yake nunawa, 35 zuwa 49 matsakaici, shi ne mai yawan cewa "na'am? mi ka ce?", 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, 80 zuwa 94 ko ihu da ƙyar, 95 zuwa sama kurumta gaba ɗaya.

Amma ni abin da na fi so ka tambaya shi ne ina matsalar take. Shi ya sa ake maimaita awon da wani ɗan abu da ke manne ƙashin bayan kunne, yana aika sauti kai tsaye can ciki. In ta ƙashi kana ji ras amma ta hedifon ba ka ji, hanya ce ta toshe, datti ko ruwa ko huji, galibi magani ko tiyata na gyarawa. In duka biyun sun faɗi tare to can ciki ne ko jijiyar ji, wannan ba ɗigon maganin kyamis da zai dawo da shi, sai na'urar ƙara ji ko dashen wata na'ura can cikin kunne da tiyata. Wani kuma ya haɗa duka.

Jariri ba ya danna maɓalli, shi ana sa mashi ɗan abu a kunne yana barci na'ura ta karanta da kanta, ko a manna wayoyi a kai a ga ko sauti na isa ƙwaƙwalwa. Kuma mu da muka ga sanƙarau na 2017 a Zamfara, duk yaron da ya tashi daga wannan ciwon a kai shi awo cikin makonnin farko, don can cikin kunnen yana iya daskarewa ya zama ƙashi, in an makara ko dashen ma wuya yake.